Ba A Aron Hoton Ƙoda

Agege, Legas.

Zuwa ga Ummi,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Na sa wannan takarda a ƙarƙashin zannuwanki don kada ki gan ta sai kin buɗe akwati a Kano. Ina fata kin sauka lafiya, gajiyar hanya ta sake ki, an kuma ba ki ɗaki tare da 'ya'yan mutunci. Allah Ya tsare shigarki da fitarki, Ya haɗa ki da malaman kirki, Ya sa ki gama karatun malantar da kika je nema.

Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda ba ki daɗe da baro shi ba. Magana ce da na kasa yi da baki. Ke 'yar fari ce, ko sunanki na yanka ba na kira, balle in zaunar da ke in yi miki zancen fitsari. Amma takarda ba ta da ido, don haka zan faɗa mata.

Ranar Talata, kina ɗaure buhun garinki, na ga kin tsaya kin dafe kwiɓinki na dama, kin jingina da bango. Da kika ji motsina sai kika yi kamar zani kike gyarawa. Wannan ne karo na uku da na gani. Na kuma tsinci fankon ƙwayoyin kashe zafi a bayan madubinki. Haka ni ma na fara. Kin san an yi mini aiki a ƙoda shekara biyu da suka wuce, kin yi jinyata, amma ba ki san yadda aka yi abin ya kai ga wuƙa ba. Yanzu zan gaya miki, kuma laifin da yake nawa ba zan ɗora wa kowa ba.

Shekara da shekaru ina sayar da tuwo a kasuwar Mile 12. Daga hantsi zuwa la'asar ina bakin murhu, zufa tana zuba har cikin idona. Ban-ɗakin kasuwar yana can bayan inda motocin albasa suke sauke kaya, kuma kullum akwai maza zaune a benci kusa da ƙofarsa. Rabinsu masu cin tuwona ne, sun san ni, sun san babanki. Na kasa ɗaukar buta in wuce ta gabansu. Sai na samo wa kaina dabara: in ban sha ba, ba zan nemi zagayawa ba. Ina sayar wa 'yan dako ruwan leda, ni ko kurɓa ba na yi. In na tashi kuma ga cunkoson motocin haya na danfo har Agege, shi ma wani dalili ne na ƙin sha. Har alfahari nake yi cewa alwalar da na fito da ita daga gida ita ke kai ni la'asar. Na ɗauka kamun kai ne.

Na san kin gaji wannan hali. Na lura ba kya shan komai da safe in za ki makaranta, saboda ƙazantar ban-ɗakinku. Ki bar shi daga yau. Ki sha ruwa, ki ɗauki butarki a gaban kowa ki wuce. Duk wanda ya kalle ki, shi ma yana da tasa.

Ciwon ya fara mini a shekarar da soja suka miƙa mulki. A marata ta hagu yake tasowa, ya murɗa, ya sake. Matan gidanmu suka ce ciwon mata ne, sanyi ne. Na sha jiƙe-jiƙen gida, na sha agbo na Yarbawa mai ɗaci, na ɗaure ƙugu da ɗankwali na ci gaba da tuƙin tuwo. Da na ga jini a fitsarina, sai na zuba ruwa na kore shi, ban gaya wa kowa ba.

Sai da ciwon ya hana ni miƙewa sannan na je asibiti. Likitar wata dattijuwar Bayarbiya ce, ta taɓa aiki a Sakkwato, Hausarta ta can ce. Ta ce, "Mi ke damunki?"

Na ce, "Cikina ke ciwo."

Ta ce, "Ciki gari guda ne. Wace unguwa?"

Sai da ta yi mini tambaya ta fi goma kafin na ambaci jinin, shi ma kaina a ƙasa. Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce abin da ya kamata in fara faɗa shi na bari ƙarshe. Ke in kin je gaban likita, mace ko namiji, ki fara da abin da ya fi ba ki kunya. Yawanci shi ne abin da yake nema.

Ta tura ni aka yi mini sikanin irin na masu ciki. Mai yin ya shafa mini man nan mai sanyi, ya yi ta yawo da abin a kwiɓina na hagu yana yamutsa fuska. Ya ce ya ga ƙodar dama lafiya lau, ta hagu kuwa bai same ta inda ya kamata ta kasance ba. Likita ta karanta abin da ya rubuta, ta ce tana zargin tsakuwa, amma ba za ta taɓa ni ba sai ta ga wani hoto da ake kira Si-Ti. Na ce mene ne bambancinsa da hoton ƙashi da kowa ke yi. Ta tambaye ni sana'ata, na gaya mata. Ta ce, "To, kin san yadda kike yanka albasa fala-fala, ki ga kowane zagaye na cikinta? Haka wannan na'ura take yi wa jiki a hoto, ba tare da wuƙa ta taɓa ki ba. Ita za ta nuna mini inda ƙodarki take, da girman tsakuwar, da abin da ke kewaye da ita. Sai na gani zan san ta wace hanya za mu bi." Ta rubuta mini takarda, ta ce wurin yana can cikin Eko, tsakiyar birnin Legas.

Na dawo gida da takardar, na yi kuskuren baza zancen a tsakar gida. Wata ta ce ana tura mutum cikin wani rami ne kamar kabari. Wata ta ce haskensa yana busar da mahaifa. Wata ta ce maza ne ke aikin, kuma sai an tuɓe. Babu wadda ta taɓa shiga a cikinsu. Babanki a lokacin yana layin lodin tankokin mai a Apapa, daga can kuma ya wuce Maiduguri. Da ya dawo ban nuna masa takardar ba. Na ninke ta na tura ta cikin kwanon da nake ajiye allura da zare.

Kin san gidanmu na haya. Babu abin da ba a ara. Turmi, babbar tukunya, mayafin zuwa biki, dutsen guga, har ragowar maganin tari in na wata ya warke. Tun da na zo Agege amarya haka na tarar, kuma da haka muka rayu. Iya Risi, maƙwabciyarmu ta ɗakin ƙarshe, ta taɓa yin ciwon tsakuwar ƙoda, kuma kamfanin da ɗanta yake aiki ya sa an yi mata irin wannan hoto. Ita kaɗai ce ta san gaskiyar na'urar, amma ban tambaye ta yadda take ba. Wata tambayar na je yi mata. Na same ta tana gyaran wake a ƙofar ɗakinta.

Na ce, "Iya Risi, hoton nan naki na ƙoda yana nan?"

Ta ce, "Yana ƙarƙashin katifa. Me za ki yi da shi, ado?"

"Ara mini za ki yi. Ai ciwon ɗaya ne."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Maman Ummi, turmi na ara miki kika dawo mini da shi da tsaga. Yanzu kuma cikina kike so?"

Muka yi dariya. Ta ɗaga katifa ta zaro katon ambulan, ta ce in dawo mata da shi ba maiƙon miya. Ba ta tambaye ni inda zan kai shi ba, ni ma ban faɗa ba.

Ba zan ce miki rashin sani ne kaɗai ba. Na ga sunanta a bayan ambulan ɗin, na je na sayo sabo na sauya. Wanda ya sauya ambulan ya san abin da yake yi. Hoton kansa kuwa ban ɗaga shi ga haske ba ko sau ɗaya, tsoronsa nake ji. A zuciyata cewa nake yi ƙoda ƙoda ce, kamar ta rago, kowa biyu gare shi, ɗaya nan ɗaya nan. In tsakuwa ta shiga ta Iya Risi ta shiga tawa, me zai bambanta hotonsu?

Ban iya komawa wurin likita da shi ba. Na kai wa mai kemis na bakin titinmu. Ya ɗaga shi saitin fitilar shagonsa, ya juya shi, ya nuna mini wani ɗan farin ɗigo. Ya ce, "Madam, wannan ai ba komai ba ne. Ƙaramar tsakuwa ce kamar ƙwayar dawa, da kanta za ta fita." Ya ba ni ƙwayoyin kashe zafi. Gaskiya ya faɗa, amma game da Iya Risi. Tata tsakuwar ta riga ta fita tun kafin in ari hoton.

Na zauna ina jiran ƙwayar dawa ta fita. Ƙaramar Salla ta wuce, babba ta wuce, ruwa ya sauka. In ciwon ya taso in haɗiye ƙwaya in ce ta kusa. Ki kiyayi maganin da ke kashe zafi kawai, Ummi. Yana rufe wa ciwo baki ne, ba ya korar sa. Ki kuma kiyayi mai gaya miki abin da kike son ji. Mai kemis bai cuce ni da gangan ba, ni na kai masa ƙarya ya auna mini.

Ranar da na faɗi kin tuna ta. Da rana tsaka zazzaɓi ya kayar da ni a gefen tukunya, masu tumatir suka sa ni a tasi. Kina aji huɗu na sakandare a lokacin, kika zo asibiti da kayan makaranta a jikinki. Da likita ta tambayi hoton da ta ce in yo, ke na aika gida ki ɗauko ambulan a bayan akwati. Ke kika kawo shi da hannunki, ba ki buɗe ba, domin ban taɓa koya miki buɗe abin da ba a ce ki buɗe ba. Da kin buɗe, da ke ce za ki fara karantawa.

Kina waje likita ta maƙala shi a allon haske. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

Ta ce, "Mi sunanki?"

Na ce, "Asabe."

"Shekarunki nawa?"

"Na kusa arba'in."

Ta ce, "To, wagga Mulikatu ce, ta haye sittin. Ga sunanta nan a kan kowane ɗan hoto, duk faɗin takardar. Ƙodojinta biyu suna zaune inda aka saba ganin su. In kin koma ki gaishe ta, lafiyarta lau."

Sunan Iya Risi ke nan na yanka. Na ja mayafi na rufe fuskata. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zare hoton ta mayar a ambulan, ta ajiye mini a gefen gado, ta ce wa nas a fara ƙarin ruwa da allurar zazzaɓi, a ɗebi jinina a gwada.

Babanki ya iso washegari daga Apapa, ko wanka bai yi ba. Likita ta gaya masa komai a gabana. Ya zauna a bakin gado. Can ya ce, "Asabe, ni da nake jan ƙarfe, ba na shiga hanyar da ban tambayi gadojinta ba. Ke kuma kika so a shiga cikinki da kwatancen gidan wani." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai sake tayar da maganar ba har yau.

Da zazzaɓin ya sauka aka kai ni cikin Eko. Bari in gaya miki yadda abin yake, don kada wata ta tsorata ki. Ba rami ba ne. Wani katon zobe ne fari, buɗe gaba da baya, da siririn gado da ke shiga ta tsakiyarsa. Mace ce ta ba ni rigar asibiti, ta tambaye ni ko ina da ciki, domin mai ciki ba a yi mata sai da dalili mai ƙarfi. Aka yi mini allura a hannu, na ji ɗumi ya bi jikina, suka ce ruwan ne da zai fito da hanyar fitsari a hoto. Wata murya ta ce in riƙe numfashi, ta ce in saki, aka maimaita. Ɗakin sanyi gare shi, shi ne kawai abin da ya dame ni. Na fi daɗewa a layin jira fiye da kan gadon. Wannan ne abin da na guda wata da watanni.

Da hoton ya fito, likita ta kira mu ni da babanki, ta bi da mu da biro fala bayan fala. Ta nuna ƙodar dama a mazauninta. Ta nuna gefen hagu, babu komai sai hanji. Ta yi ta sauka da biron har cikin mara, ta ce, "Ga ta nan." Ashe tun da aka haife ni ƙodata ta hagu a can ƙasa take, kusa da mahaifa, ba ta hau sama kamar ta sauran mutane ba. Shi ya sa ciwona yake a mara, shi ya sa kowa ya ce na mata ne. Tsakuwar kuma ba ƙwayar dawa ba ce. Kamar citta mai yatsu take, ta cika cikin ƙodar, ta tare hanya, ƙodar ta kumbura har namanta ya yi siriri.

Ta ce hanyoyi uku ake da su. Jira, wannan ba nawa ba ne, irin wannan tsakuwa ba ta fita. Akwai na'urar da ke farfasa tsakuwa daga waje ba tare da yanka ba, amma tawa ta yi girma, ga ƙasusuwan ƙugu sun kewaye ta, ko an fasa ma ɓarɓashin ba zai sami hanyar fita da sauƙi ba. Saura tiyata. Ta ce wa babanki, "Da an tsaga ta a kwiɓi, inda ake tsaga kowa, da ba a tarar da komai ba." Ta nuna jijiyoyin jinin da ke shiga ƙodar ta wuraren da ba a saba ba, da hanjin da ya kwanta a gabanta, ta ce likitan tiyata zai shiga ta ƙasan cibiya, ya san abin da zai kauce wa tun kafin ya ɗauki wuƙa. Haka aka yi, kuma Allah Ya ba da sa'a. Kin ga tsakuwar a kwalba.

Abin da ban gaya miki ba shi ne ƙodar ba ta dawo daidai ba. Tana nan, tana ɗan aiki, amma ta dama ce ke ɗauke da ni. Na tambayi likita ko da na yi hoton a makon da ta rubuta takardar da ta tsira. Ta ce ba za ta rantse ba, amma watannin nan sun ci rabonsu. Na yarda da ƙaddara. Na kuma san hannuna ne ya ninke takardar ya sa ta a kwanon zare.

Da na dawo gida na mayar wa Iya Risi hotonta a ambulan ɗinta na asali. Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce da ta san inda zan kai shi da ta zauna a kan katifar ta ƙi tashi, kuma da na tambaye ta da ta raka ni cikin Eko da ƙafarta. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ni kuwa nawa aron ya rufe mini asiri, har ciwo ya gama aikinsa.

Yanzu ga abin da nake so da ke. Kada ki jira hutu, kada ki jira ki saba da gari. A makon nan ki je asibitin gwamnati, ba kemis ba. Ki ce kwiɓinki na dama ke ciwo, ki faɗi sau nawa, ki faɗi launin fitsarinki, ki ce mahaifiyarki ta yi tsakuwar ƙoda. Mai yiwuwa ba ita ba ce, ba kowane ciwon kwiɓi ne tsakuwa ba. Mai yiwuwa sikanin ƙarami ya isa, ba kowa ake tura wa Si-Ti ba, kuma ba ke za ki zaɓa ba. Amma in likita ya rubuta, ki je a ranar da aka ba ki. Kada ki bari a yanka ki ko a ce ki zauna ki jira alhali ba a ga cikinki ba. Na gaya wa babanki abin da na gani ranar Talata. Ya ce duk abin da aka rubuta miki ki ba direbobin da ke lodi zuwa Legas saƙo, zai same shi a Apapa, kuma kada ki yi tunanin nauyi.

A can ƙasan akwatin, ƙarƙashin bargo, za ki ga katon ambulan. Nawa hoton ne. Na rubuta sunana a bayansa da manyan baƙaƙe, gaba da baya. Ki kai wa likita don ya san gidan da kika fito, amma kafin ya zaro shi ki ce masa, "Wannan na mahaifiyata ne." In wata a ɗakinku ta nemi aro, ki ara mata bokiti, ki ara mata risho, ki ara mata mayafinki mai kyau. Wannan kam ki ce mata uwarki ta hana.

Na san tabon ƙunar da ke gwiwarki, na san haƙorinki da ya fara fitowa, na san yadda kike yi in kina ɓoye abu. Amma ni da na haife ki ban san inda ƙodarki take ba, kamar yadda uwata ta rasu ba ta san inda tawa take ba. In an duba ki, ki rubuto mini ki gaya mini. Layi biyu ma sun isa.

Iya Risi tana gaishe ki, ta ce ki sha ruwa. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya kare ki daga abin da kike gani da wanda yake ɓoye, Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke Agege da ƙafafunki.

Mahaifiyarki,
Asabe.